Kawu ba shi da tansiyo, amma jijiya ta fashe masa a ka

A gidajenmu, in aka ce tsoho ya faɗi, hannu da ƙafa sun saki, baki ya karkace, kafin a gama yi wa iyali sannu an riga an yanke hukunci: tansiyo ne, wato hawan jini. In kuwa majo ya ɗaura abin awo aka ga tansiyon bai hau ba, sai zance ya sauya hanya. A rage murya, a ce iska ce ta buge shi, wani kuma ya tuno da mutumin da suka yi rigimar gona da shi tun zamanin Kunce. Daga tansiyo sai iska, ba mu san na uku ba. Akwai shi kuwa, wani ciwo da ke raunana ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwar tsofaffi, kuma shi ya kwantar da Kawu, yayan mahaifiyata.

Kada a ce na zo wanke tansiyo. Shi ne babban mai laifi a ƙasashenmu, da nisa ma. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, wanda sakamakonsa ya fito a 2018, ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na masu shanyewar ɓarin jiki jini ne ya zuba musu a ƙwaƙwalwa, ba jijiya ce ta toshe ba, kuma hawan jini ne ke gaba da kowane dalili. Mai shan maganin tansiyo ya ci gaba da sha. Maganata a kan ragowar ce, tsofaffin da za a auna a ga komai daidai amma jijiya ta fashe.

Kawu shekararsa 74. Bafataken albasa ne a Tawa, tun yana saurayi yake bin manyan motoci daga lambunan Galmi zuwa Kwatano da Abijan. Siriri ne, ba ya shan taba, a ƙafa yake zuwa masallaci da kasuwa, kuma duk sanda aka auna shi 12/8 ne, in ya yi yawa 13/8. Da wannan lamba yake yi wa tsararrakinsa masu tumbi tsiya. Wata safiya ya dawo daga sallar asuba ya ce kansa na sara. Ya yi amai. Ya miƙa hannun hagu zai ɗauki buta ya kasa cim mata, ya tashi zai shiga ɗaki ya yi karo da gefen ƙofa, ƙofar da ya shekara arba'in yana shiga. Aka kai shi asibiti a Tawa, daga can aka rubuto shi Yamai. Wanda ya san hanyar Ƙwanni, Dogondutsi, Doso, fiye da kilomita 500, ya san abin da ake nufi da a bi ta da tsohon da ke amai.

Ni ke Yamai, ina koyar da ilimin halittu a makarantar sakandare, saboda haka ni aka tura gaba wajen magana da likitoci. A dangi an ɗauka mai koyar da zuciya da huhu a allo rabin lokotoro ne. Likitar ƙwaƙwalwar da ta duba shi matashiya ce, ba ta da yawan magana. Ta ɗaga hoton sikanar sama wajen haske, ta nuna mini wani wuri fari fat a ɓangaren dama, can baya, dab da ƙashin kai. Ta ce wannan jini ne. Sannan ta sauko da bironta zuwa tsakiyar hoton, inda babu komai, ta ce a nan jinin tansiyo ya saba zuba, can ciki, inda ƙananan jijiyoyi ke fitowa kai tsaye daga manya suna ɗaukar duk ƙarfin bugun zuciya. Jinin da ya zuba a sama-sama, kusa da fatar ƙwaƙwalwa, a kan mutumin da ya haura saba'in kuma ba shi da hawan jini, wani abu daban yake sa ta tunani. Ta ce a kira mata matarsa.

Zaman da ta yi da Hajiya, uwargidan Kawu, shi ya fi tsaya mini a rai a duk jinyar. Ta tambaye ta ko kafin wannan rana akwai abin da Alhaji ke kuka da shi. Hajiya ta ce babu, lafiyarsa lau. Likitar ta sake tambaya ta wata hanya: hannu bai taɓa mutuwa ba, ko baki, ko ido, ko da na ɗan lokaci ne? Sai Hajiya ta gyara lulluɓi ta ce, a'a, wannan kam akwai, amma ai ba ciwo ba ne, wucewa yake. Tun wajen damina yake gaya mata wani abu na yi masa tafiyar tururuwa. Ta maimaita maganarsa yadda yake faɗa: “Daga yatsu shika tasowa, shi hau hannu, shi kai ga baki, in an jima shi wuce.” Kafin a gama dama fura ya wuce. Kullum hannun hagu, kullum hanya ɗaya yake bi.

Likitar ta ce, wane magani yake sha? Hajiya ta buɗe jaka ta fito da baƙar leda ta zazzage a kan tebur. Akwai diclofenac na ciwon gwiwa, akwai ibuprofen, duk na hannun mai talla da ke yawo da faranti a ka. Akwai kuma wasu ƙananan ƙwayoyi da wani abokin Kawu ya ba shi shawara a kansu da ya ji labarin hannun. Ya ce masa jini ne ke yin kauri, ya riƙa shan ɗaya kullum yana tsinka shi. Aspirin ne. Likitar ta ware su gefe guda da bayan biro, ba ta yi wa kowa faɗa ba, ta rubuta a yi masa IRM, wani hoton ƙwaƙwalwa da ya fi sikanar ganin ƙananan abubuwa, in ya ɗan samu kansa.

Sunan cutar da Faransanci angiopathie amyloïde cérébrale. Ga yadda take. Ƙwaƙwalwar kowa tana fitar da wani ɗan guntun furotin mai suna amiloyid beta, kuma tana da hanyar zubar da shi. Wani kaso ana narkar da shi, wani yana shiga jini, wani kuma yana bin jikin bangon jijiyoyi ya fita da ruwan da ke wanke ƙwaƙwalwa. In shekaru suka ja, wannan shara ba ta fita duka. Sai ta riƙa maƙalewa a bangon ƙananan jijiyoyin da ke saman ƙwaƙwalwa da na tantanin da ya lulluɓe ta. A hankali amiloyid ɗin ya cinye gurbin naman da ke sa jijiya ta miƙe ta tsuke. Da na so in fahimtar da ƴaƴan Kawu, tiyon ban-ruwan lambu na kawo musu: wanda ya sha rana shekara da shekaru, robar ta bushe ta yi tauri, ba sai an ƙara wa injin wuta ba, ruwan da ya saba bi ta cikinsa kullum ya isa ya tsaga shi. Nan take suka gane, don sun sha sayen sabo.

Wannan amiloyid ɗin shi ne dai ake samu a ƙwaƙwalwar masu cutar mantuwa ta Alzheimer, sai dai a can tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa yake taruwa, a nan kuma jikin jijiya. Abin da ya burge ni a matsayina na malami: a 1984 da George Glenner da Caine Wong suka fara ware wannan furotin a Amurka, daga jijiyoyin jinin tantanin ƙwaƙwalwa suka ciro shi. Wato ta ƙofar jijiya aka fara sanin abin da duniya ke ta magana a kansa yau a cutar mantuwa. Masu binciken gawa suna gane shi da wani rini ja da ake kira jan Kwango, in an haska shi da wani irin haske a ƙarƙashin madubin bincike sai ya koma kore. Kuma ba baƙon abu ba ne. Da aka tattara binciken gawarwaki da aka yi, mafi yawa a Turai da Amurka, an samu kusan ɗaya cikin huɗu na tsofaffi suna da shi matsakaici ko mai tsanani, a cikin masu Alzheimer kuwa kusan rabi. Mafi yawansu har su koma ga Allah jijiya ba ta fashe musu ba.

IRM ba arha ba ce, sai da aka yi karo-karo, na Kwatano suka turo, na Agadas suka turo. Amma ita ta warware zancen. Akwai wani salon ɗaukar hoto da ke ganin sinadarin ƙarfen da tsohon jini ke bari a inda ya taɓa zuba, komai ƙanƙantarsa. A hoton Kawu, ban da babban tabon, akwai ɗigo-ɗigo baƙaƙe warwatse a gefe-gefen ƙwaƙwalwa, sun fi yawa ta ƙeya, babu ko ɗaya a tsakiya. Kowane ɗigo ɗan jini ne da ya taɓa tsattsafowa ba wanda ya sani. Sai kuma wani siririn baƙin layi da ya bi lanƙwasar saman ƙwaƙwalwa ta dama, daidai yankin da ke karɓar saƙon hannun hagu da fuska. Likitar ta ɗora biro a kansa ta ce, ga tururuwar Alhaji nan. Jini ne ya ɗan malala a saman wurin, yana tsokanar ƙwaƙwalwa, tsokanar tana rarrafawa daga yankin yatsu zuwa na hannu zuwa na baki, don kusa da juna suke zaune.

Tabbaci ɗari bisa ɗari sai an yanki nama an duba, abin da ba a yi wa mai rai sai da babban dalili. Saboda haka likitoci ke aiki da ƙa'idojin Boston, da aka fara fitarwa a shekarun 1990, aka sabunta su a 2022. A taƙaice: mutum ya kai shekara 50, ya zo da irin wannan zubar jini ko irin waɗannan alamu masu wucewa ko raunin tunani, IRM ta nuna tabon jini a sama-sama kawai, babu na can ciki, kuma babu wani dalilin da ya fi wannan. Akwai kuma na Edinburgh na 2018, waɗanda suka dogara da sikanar: jinin ya malala zuwa saman ƙwaƙwalwa, gefensa ya yi tsinkaye kamar yatsu. Su ne a ganina suka fi dacewa da irin ƙasarmu, inda sikanar ma sai an yi tafiya, balle IRM.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Alamar da Kawu ya yi ta samu tana kama da gargaɗin toshewar jijiya, wanda shi kuma aspirin ne maganinsa. Mutum biyu za su zo da kuka kusan iri ɗaya, hannu ya mutu ya dawo, ɗaya jininsa ke neman daskarewa, ɗaya kuma jijiyarsa ke yoyo. Ƙwayar da za ta ceci na farko tana iya ƙara wa na biyu hatsari. Akwai ɗan bambanci da ake kamawa a baki: na toshewa yakan zo gaba ɗaya lokaci guda, na amiloyid kuwa yakan rarrafa cikin mintoci daga wuri zuwa wuri, ya wuce yawanci kafin rabin awa, ya sake dawowa da kamanninsa na jiya. Amma wannan ba abin da za a yanke a zaure ba ne, ko a gaban mai faranti. Hoto ne ke rabawa.

Likitar ba ta ce aspirin ne ya fasa jijiyar Kawu ba, ni ma ba zan ce ba. Jijiyar ta riga ta lalace. Abin da ta ce shi ne bai da dalilin shan sa, kuma haɗa shi da diclofenac da ibuprofen ƙarin kaya ne a kan jijiya mai rauni, tunda duk suna rage ƙarfin daskarewar jini. Kuma kada wani ya karanta wannan ya je ya zubar da maganin da likitan zuciya ya rubuta wa mahaifinsa. Akwai wanda aka sa wa ƙarfe a jijiyar zuciya, akwai mai bugun zuciya marar tsari da ke shan maganin hana daskarewar jini, barin maganin na iya kashe su. Har wani gwaji da aka yi a Birtaniya, RESTART, wanda ya fito a 2019, ya nuna mayar da irin su aspirin ga waɗanda ke da ainihin buƙatarsa bayan zubar jini a ka bai ƙara yawan sake zubar ba. Awo ne ake yi, mutum-mutum, hatsarin nan da hatsarin can. Abin da nake ƙi shi ne tsoho ya shekara yana haɗiyar ƙwaya don abokinsa na majalisa ya ce jini ya yi kauri.

Babu maganin da ke wanke amiloyid daga jijiya. Wannan magana ta yi wa dangi nauyi, don mun saba in an gano cuta a rubuta mata allura. Ɗan Kawu na uku, mai karatu a Faransa, ya turo mini saƙo ta WhatsApp da tsakar dare, wai ya ga an samu sabon magani mai cire amiloyid, ko nawa ne a nema. Gaskiya ne akwai, lecanemab da Amurka ta amince da shi a 2023 da donanemab a 2024. Amma na farkon cutar Alzheimer ne, kuma babbar illarsu kumburi da zubar jini a ƙwaƙwalwa, wadda ta fi samun masu irin jijiyoyin Kawu. Mai hoto irin nasa shi ne na farkon wanda ake hana wa. Sai da na yi masa bayani har ya huce, don ya ɗauka rowa ake yi wa ubansa.

Abin da ya rage a hannu kaɗan ne, amma yana da amfani. Cutar tana da halin dawowa: tattara bincike da aka buga a 2017 ya nuna kusan kashi 7 cikin 100 na masu ita suna sake zubar jini a kowace shekara, alhali a sauran nau'in kusan kashi 1 ne. Babban abin da ke rage wannan, abin mamaki, shi ne dai riƙe tansiyo ƙasa. A wani gwajin magungunan tansiyo mai suna PROGRESS, rage hawan jini ya rage irin wannan zubar da kashi 77 cikin 100, ko da yake waɗanda abin ya samu a gwajin ba su da yawa. Da aka riƙa auna Kawu safe da yamma a asibiti, an ga wasu safiyoyin yana kai 14/9, sai aka sa masa ƙwaya ɗaya mai sauƙi, ana son ya zauna ƙasa da 13/8. Nan fa aka yi daru. Ya dube ni da idon da ke gani sosai ya ce, “Mushe, ku kunka ce ba ni da tansiyo, yanzu kuma maganin mi za ni sha?” Na ce, Kawu, tansiyon da jijiyar wani za ta ɗauka, taka ba za ta ɗauka ba. Ya yi tsaki, amma yana sha. Gwiwa kuma an mayar da ita kan paracetamol, an rage magi da gishiri a tukunyar Hajiya.

Masu zancen iska ba su daina ba, kuma ban yi faɗa da kowa a kan rubutu da tofi ba. Addu'a ba ta fasa jijiya. Inda na tsaya kai da fata biyu ne. Na hana a kawo wanzami ya yi masa ƙaho a ƙeya wai a cire mataccen jini, don jinin yana cikin ƙoƙon kai, ƙaho ba ya kai can. Na kuma hana a ɗura masa ruwan rubutu ko fura a kwanakin farko kafin a gwada haɗiyarsa, don mai irin wannan ciwo abin sha na iya bi masa ta hanyar iska ya sauka a huhu. Da aka tabbatar yana haɗiya lafiya, Gwaggo ta kawo rubutunta a gora ya sha.

Ƴaƴansa sun tambaya ko gado ne. Akwai nau'in gado, amma a wasu iyalai ƙalilan na duniya aka san shi: a garuruwan Katwijk da Scheveningen na bakin teku a Holan, inda yake kama mutane tun suna shekara arba'in zuwa hamsin da wani abu, da kuma Aisilan, inda wani furotin daban ke kama matasa. Irin na Kawu na tsufa ne. Akwai wata ƙwayar halitta, APOE, da wasu nau'o'inta ke ƙara yiwuwar samun cutar, amma ba hukunci ba ne a kan kowa. Na ce musu abin da ya fi kusa da su shi ne su sayi abin awon tansiyo, don biyu daga cikinsu sun fi uban nasu buƙatarsa.

Kawu ya koma Tawa. Hannun ya dawo da taimakon masu kine, wato masu motsa gaɓɓai a asibiti, yana riƙe carbi, yana cin tuwo da kansa. Gefen hagu na ganinsa ne bai cika ba, sai ya juya kai gaba ɗaya kafin ya tsallaka titi, kuma an hana shi hawa kabu-kabu. Abin da ya fi ci masa rai lissafi ne. Mutumin da ke haɗa kuɗin buhu ɗari uku a ka kafin yaro ya kunna kalkuleta, yanzu sai ya tsaya ya sake, wani lokaci ya ɓata. Cutar tana rage saurin tunani ko ba a sake zubar jini ba, likitar ta faɗa mana tun farko. Manyan ƴaƴan sun karɓe littafin ciniki, sun kuma ce ba zai ƙara bin mota zuwa Kwatano ba, shi kuwa ya rantse in albasa ta fito bana da shi za a yi lodi. An kira ni a waya in raba gardama. A kan tafiyar ina bayan ƴaƴan, kwana da kwanaki a kan hanya nesa da asibiti ba nasa ba ne yanzu. A kan littafin kuwa ina bayan Kawu: na ce su mayar masa da abinsa, ƙaramin ɗansa ya zauna kusa da shi yana bin lissafin a baya. Babban ɗan bai yarda ba tukuna, ya ce sai an gama biyan bashin masu lambu.